Matar da ke kife jirgi a sama, da kuma ƙirgar almakashinmu na tiyata

Duk wanda ya kalli bidiyon Patty Wagstaff abin da zai fara cewa shi ne wagga mata ba ta son ranta. Ɗan ƙaramin jirgi ne, ta miƙe da shi sama tsaye har ya ƙare gudu, ya juyo yana katantanwa, can kuma ta kife shi ta wuce gaban 'yan kallo kanta na ƙasa. Ba'amurkiya ce, haihuwar 1951, babanta matuƙin jirgin fasinja ne amma ita sai da aiki ya kai ta Alaska sannan ta koyi tuƙi. A 1991 ta zama mace ta farko da ta lashe gasar wasan jirgi ta ƙasar Amurka, maza da mata a haɗe fa, ta sake ɗauka 1992 da 1993, jirgin da ta fara cin gasar da shi, Extra 260, yanzu haka yana gidan tarihi na Smithsonian.

Ni nas ce a ɗakin tiyata nan Gusau, to mi ya haɗa ni da jirgi? Abin da suke yi tun suna ƙasa ne ya kama ni. Ashe wasan nan duk a rubuce yake, akwai alamomi da wani ɗan Sifen mai suna Aresti ya tsara, kowane juyi da zanensa, matuƙi ya manna katin a gabansa. Sararin da ake wasan ma an auna shi, mita 1,000 kowane ɓangare, ka fita a rage maka maki, alƙalai na ƙasa suna ba kowane juyi daga 0 zuwa 10. Kafin a tashi sai ka ga babban mutum ya koma gefe yana tafiya yana juya jiki da hannuwa shi kaɗai, bitar wasan yake a ƙasa daga farko har ƙarshe. Sannan su zazzage aljihu kaf, biro, kwabo, makulli, komai a ajiye, don idan jirgi ya kife duk abin da ba a ɗaure ba yawo zai yi, kuma yana iya shigewa inda sandar tuƙi take ya maƙale ta.

Kuma ba tsoro ne na banza ba. Bessie Coleman, baƙar fatar da makarantun koyon tuƙin jirgi na Amurka suka ƙi ɗauka sai da ta tafi Faransa ta samo lasisi a 1921, ta rasu a 1926 a garin Jacksonville na Amurka ana gwajin jirgi kafin ranar wasa, da aka bincika tarkacen sai aka tarar sifana ce ta zame ta toshe na'urar tuƙin. Sifana guda wallahi.

Mu a tiyata namu aljihun shi ne tiren kayan aiki. Almakashi, allurar ɗinki, ƙyallen tsane jini, a ƙirga kafin a fara, a ƙirga kafin a rufe ciki, a sake ƙirgawa bayan an ɗinke fata, mutum biyu, da baki a fili kowa na ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da takardar bin matakai ta tiyata tun 2008, kuma ƙirgar na ciki. Amma kowa ya san yadda ake yi idan dare ya raba an kawo mai naƙuda daga ƙauye ta galabaita, an ɗauke wuta ana jiran janareta, likita ya gaji yana cewa sista mu rufe mana komai ya cika, ga wata can tana jiran gado. Wurin nan ne ƙaramar nas ke jin nauyin ta ce likita a dakata ban gama ƙirga ba. Ni a ganina yawancin sakacin da ake yi ba rashin ilimi ba ne, kunya ce da gudun a ce kana da iyayi, su kuma masu jirgin nan zakaran duniya ma yana rawar bitarsa a gaban jama'a ko a jikinsa.

Shi ya sa yanzu idan an turo mana ɗalibai nakan sa su jera kayan su bi aikin da baki tun mara lafiya bai shigo ba, mi za a miƙa farko, mi ke biye, ina za a aje wanda ya ɓaci da jini. Wasu na dariya, su ce anti ai mun haddace a makaranta. Sai in ce to ƙanwata maimaita mani, nan take za ki ga an tsallake ɗaya.

Ita Wagstaff daga baya har Kenya ta riƙa zuwa tana horar da matuƙan hukumar kula da namun daji masu sintirin farautar ɓarayin hauren giwa, mutanen da kullum ƙasa-ƙasa suke tashi, ta kuma buɗe makarantar koyar da wasan jirgi a jihar Florida.