Yadda muka buɗe kamfaninmu ga kasuwar duniya tun ranar farko

Ni da abokan aikina mun ƙirƙiri manhajar da malamai masu zaman kansu ke amfani da ita wajen tsara lokutan darasi da ɗalibansu, kuma tun kafin mu fara aikin muka yanke shawarar cewa ba za mu tsaya a kasuwar ƙasa ɗaya ba. Abin koyinmu shi ne Skype, manhajar kiran murya da bidiyo ta intanet, wadda wani ɗan Suwidin da wani ɗan Denmark suka kafa a 2003, injiniyoyin Estoniya kuma suka rubuta manhajarta, domin ƙasashen nan uku ba su da yawan jama'ar da zai riƙe irin wannan kamfani.

Samun masu amfani daga ƙasashe daban-daban bai ba mu wahala ba, karɓar kuɗinsu ne ya zama jan aiki. Mutumin Holan ya saba biya da iDEAL kai tsaye daga asusunsa na banki, a Brazil Pix ya mamaye kasuwa tun bayan fitowarsa a 2020, a Indiya kuwa UPI ake amfani da shi. Sau da yawa mun ga mutum ya yi rajista, ya gwada manhajar, ya isa shafin biya, da ya tarar katin banki kaɗai muke karɓa sai ya fice bai sake dawowa ba.

Haraji ya fi wannan cin lokaci. Tun daga 2015, a mafi yawan lokuta wanda ya sayar wa ɗaiɗaikun mutane hidimar intanet a Tarayyar Turai zai karɓi harajin VAT bisa ƙimar ƙasar mai saye, wato kashi 27 cikin ɗari a Hungary, kashi 17 a Luxembourg. Ƙaramin kamfani ba zai iya bin wannan shi kaɗai ba, don haka muka miƙa cinikin ga wani kamfanin da ke sayarwa da sunansa, ya biya harajin, ya cire kasonsa, kuma a ganina kason bai kai kuɗin ɗaukar akanta a kowace ƙasa ba. Ga kuma GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, wadda tararta ke iya kai wa Yuro miliyan 20, ko da kamfanin ba shi da ofis a Turai.

Agogo ma yana da nasa rikicin. Amurka tana matsar da agogonta gaba da awa guda a Lahadi ta biyu ta Maris, Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe ta watan, saboda haka a makonnin da ke tsakani malami da ɗalibi kan saɓa da awa guda idan ba a adana darasin da sunan yankin lokacinsa ba.

Yanzu kowa na iya yin rajista daga ko'ina, amma ba ma kashe kuɗin talla a wata ƙasa sai mun tanadi hanyar biyan da mutanenta suka sani, da wanda zai amsa koke-kokensu da harshensu a lokacin da suke a farke.