Godiya ga duk wanda ya tsaya mana har 'yan gudunmu suka dawo lafiya daga fanfalakinsu na farko

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. 'Yan gudun da muka horar a nan Sakkwato domin gasar gudun fanfalaki ta Legas sun je, sun yi, sun dawo gida lafiya. Dukkansu wannan ne karonsu na farko a kilomita 42.195. Mafi yawansu sun kai layin ƙarshe, wasu da gudu zalla, wasu suna gudu suna tafiya. Waɗanda ba su kai ba sun tsaya a daidai lokacin da ya kamata su tsaya, babu wanda aka ba gado a asibiti. Mu masu horarwa mun ga wajibi ne mu fito fili mu gode, mu kuma faɗi abin da kowa ya yi dalla-dalla, domin akwai masu niyyar shiga baɗi, kuma irin wannan taimakon za a sake nema.

Godiyarmu ta farko ga likitoci da ma'aikatan sashen gashin ƙashi da suka ba da lokacinsu kyauta. Kafin kowa ya ɗaura takalmi, sun auna hawan jini, sun duba yawan jini, sun tambayi kowa rukunin ƙwayar jininsa. Wannan tambaya tana da nauyi a wurinmu, domin mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya, ko da bai taɓa kwanciya ciwo ba, jikinsa na iya rikicewa idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa. Ba a hana shi gudu, amma ana ƙara masa nisa a hankali, ba a barinsa ya yi rige-rige a rana. Mai sikila kuwa maganarsa tana hannun likitansa. Mata da dama an same su da ƙarancin jini, kuma gajiyar da suke ɗauka raggonci ce ta ragu bayan an gyara abinci an ba su maganin ƙarin jini.

Babban abin da waɗannan bayin Allah suka koya wa 'yan gudu shi ne rarrabe ciwon da ake daurewa da ciwon da ake tsayawa. Tsamin jiki ana daure masa. Yana kama cinyoyi biyu da sha-raɓa biyu lokaci guda, yana tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan dogon gudu, kuma idan aka fara sassarfa na minti 10 jiki ya ɗumama sai ya lafa. Nauyin ƙafa, sukan gefen ciki, da zuciyar da ke cewa a koma gida, duk ana rage sauri ne a ci gaba. Ciwon da ake tsayawa kuwa yana gefe ɗaya, yana ƙaruwa yayin da ake gudu, yana sa mutum ɗingishi. Idan ƙwauri ne, a bi ƙashin da yatsa. Ciwon da ya bazu a tsawon gefen ƙwauri na ciki yawanci na ƙara nisa da gaggawa ne, ana rage gudu na mako ɗaya ko biyu a koma kan ƙasa mai laushi. Amma idan wuri ɗaya ne tak wanda kan yatsa ke rufewa, kuma tsalle da ƙafa ɗaya na tayar da shi, to ana zargin ƙashi ya fara tsagewa. Wannan ba a murza shi, ba a ja, ba a kai wa mai ɗori ya matsa. Asibiti ake zuwa, kuma hutunsa yakan kai mako 6 zuwa 8. Wanda ya daure wa irin wannan ciwo na mako biyu yana iya sayen hutun wata uku.

Akwai kuma alamun da ba a jiran shawarar kowa a kansu: ciwon ƙirji, jiri, numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, mutum ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi, da fitsarin da ya koma baƙi kamar ruwan shayi bayan gudu mai tsanani. Wannan na ƙarshe yana nuna tsoka ta farfashe tana zuba cikin jini, kuma ƙoda ce ke cikin haɗari. Mai zazzaɓi ba ya gudu ko kaɗan. A gwada jini, a sha maganin cizon sauro ya ƙare, a ƙara kwanaki kafin a dawo da sassarfa.

Muna gode wa masu kemis na unguwanninmu da suka ba mu haɗin kai. Mun roƙe su, idan ɗan gudu ya zo neman ibufurofen ko dikulofenak don ya sha kafin dogon gudu, su faɗa masa gaskiya. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi kuma gudu da gumi sun riga sun rage shi, sannan suna cin ciki. Mafi muni, suna rufe bakin ciwon da ke ƙoƙarin gargaɗi. Tiramadol kuwa babu wurinsa a cikinmu, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

Ga iyayenmu mata da matan aure, Allah shi saka da alheri. Horo na mako 18, daga Oktoba zuwa Fabrairu, ya tsaya ne a kan tukunyarku. Da yake bayan sallar Asuba ake fita, babu lokacin cin abinci mai nauyi a jira ya narke, saboda haka tuwon dare ko shinkafar dare ita ce ke ɗaukar gudun safe. Da farkawa sai dabino 2 ko 3 da kofin ruwa, ko koko kaɗan marar yaji. Fura da nono, ƙosai da wake an mayar da su bayan an dawo, cikin awa ɗaya, domin a lokacin ne tsoka ke neman abin gyara, kuma idan aka sha su kafin fita sukan murɗa ciki a tsakiyar hanya. Ku ne kuka riƙa cire ƙwallon dabino kuna ƙullawa a ƙananan leda. Jiki na buƙatar giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa idan gudu ya wuce minti 90. Ƙaramin dabino busasshe yana da wajen giram 5, don haka biyu a kowane minti 20 sun kai mutum ƙaramin ma'auni, ayaba ɗaya kuma tana ƙara wajen giram 25. Muna kuma gode wa mazaje da iyaye da suka amince wa 'yan uwanmu mata su shiga, suka raka su, aka nemo musu sutura mai rufe jiki wadda ba ta riƙe gumi.

'Yan kabu-kabun da suka riƙa bin mu da ruwa a hanyar Wamakko da hanyar Bodinga, ba mu da bakin gode muku. Kun bar aikin safe, kuna tafiya da fitila a kunne bayan mutum na ƙarshe, kuna kare shi daga manyan motoci a cikin hazo. Hunturu na da yaudara. Iska a bushe take, gumi na bushewa tun kafin ya jiƙa riga, sanyi kuma na kashe ƙishirwa, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwa ba. Shi ya sa muka ajiye sikeli. A auna kafin fita, a auna bayan dawowa: duk kilo ɗaya da ya ragu kimanin lita ɗaya ce ta ruwa. Idan raguwar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 1.3 ga mai kilo 65, to ruwan da ya sha bai isa ba. Yawancin mutane ledar ruwa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ta ishe su, a kurɓa kaɗan-kaɗan. A kuma kiyaye ɗaya gefen, domin wanda ya ɗirka ruwa zalla fiye da gumin da ya zubar gishirin jininsa na iya faɗuwa, ya kumbura, ya ruɗe, kuma wannan na kisa. Duk wanda ya dawo ya fi nauyin da ya fita da shi, ya sha ya wuce kima. A dogon gudu muna haɗa lita 1 ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a cika tsororo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Masu sayar da takalman gwanjo a kasuwa, mun gode da gaskiyar da kuka faɗa ko da ta hana ku ciniki. Takalmin gudu yana mutuwa tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjo wani ya riga ya ci rabonsa. Sama na iya yin kyau alhali sosan tsakiya ya kwanta. A danna shi da babban yatsa, a duba gefensa ko ya yi tamoji, a ajiye shi a kan tebur a ga ko ya karkata gefe ɗaya. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta buɗe, a bar faɗin babban yatsa tsakanin dogon yatsan ƙafa da bakin takalmi, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Safa mai riƙe gumi ita ke kawo bororo. Basilin a cinya da hammata, filasta a kan nono ga maza, man kaɗe a diddige kowane dare saboda faso. Waɗannan ƙananan abubuwa sun hana jini zuba a Legas.

Tsofaffin 'yan wasa da suka riƙa zuwa daga filin Giginya suna gudu kafaɗa da kafaɗa da sababbi, aikinku ne ya fi bayyana a ranar gasa. Ku ne kuka riƙe su a saurin da mutum zai iya yin magana cikakkiya yana gudu, kuka hana a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisa a mako, kuka tilasta a sassauta duk mako na huɗu. Gudu mafi tsawo kilomita 32 ne, mako 3 kafin gasa, daga nan sai raguwa. Mun san wasu sun ji haushin ragin, suna ganin ƙarfinsu zai zube. A wannan hutun ne tsoka ke warkewa, ajiyar sukari ke cika.

Ita wannan ajiya, wadda ke cikin tsoka da hanta, ba ta wuce rabin kilo sosai, kuma tana ƙarewa ne wajen kilomita 30 zuwa 35. Nan ne ƙafa ke yin nauyi farat ɗaya, kai ya yi duhu, mutum ya ji ya tsani hanya da duk wanda ke kanta. Abu biyu ke jawo wannan gajiya da wuri: fita da gudu saboda ɗokin taro da ihun 'yan kallo, da jinkirin cin dabino har sai an ji yunwa. Shi ya sa kuka koya musu su yi kilomita 5 na farko a hankali fiye da yadda jiki ke so, su fara ci tun minti 30 zuwa 40. Mai yin kilomita ɗaya a minti 7 zai gama cikin awa 4 da minti 55, kuma babu abin kunya a wannan. Idan gajiyar ta zo duk da haka, sai a koma gudun minti 4 da tafiyar minti 1, a sauke kafaɗa, a gajarta taku, a daina lissafin abin da ya rage, a nufi teburin ruwa na gaba kawai. Idan sha-raɓa ta ɗaure, a tsaya a gefe, a dafa wani abu, a miƙe ta a hankali na daƙiƙa 20 zuwa 30 ba tare da fizga ba, a fara da tafiya. Wannan ita ce dauriyar da muke nufi, kuma an gwada ta a hanyar Wamakko kafin a kai ta Legas.

'Yan uwanmu mazauna Agege da suka sauke mu, Allah shi bar zumunci. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 a zaune tana ɗaure ƙafa, shi ya sa aka isa kwana 2 kafin gasa. Kun dafa farar shinkafa da miya marar yaji kamar yadda aka roƙa, kun hana kowa ɗanɗana abincin da bai saba ba. Kun kuma yi mana gargaɗin iskar can. Gasar, wadda aka fara a 2016, galibi a Fabrairu ake yin ta, lokacin da jikinmu ya saba da busasshiyar iskar hunturu. A Legas iska na ɗauke da laima, gumi na zuba amma ba ya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba ba ya sanyaya jiki. Dole aka rage wa kowa daƙiƙa 15 zuwa 30 a kowace kilomita, aka riƙa zuba ruwa a ka da wuya. Baɗi in Allah ya kai mu, makonni biyu na ƙarshe za a sa wasu gajerun gudu da hantsi domin jiki ya ɗan saba da zafi, tun da sabon yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14.

Ga waɗanda suka cire lambarsu suka tsaya a hanya, muna gode muku a gaban kowa. Kun bi abin da aka koya muku a lokacin da ya fi wuya a bi shi, kuma sunayenku ne a farkon rajistar baɗi.

Yanzu kowa ya huta. Mako na farko babu gudu, sai tafiya ta minti 20 zuwa 30 da barcin awa 8. Saukowa daga matakala zai yi wuya kwana 3 ko 4, wannan tsami ne, zai wuce. Mako na biyu sassarfa kaɗan idan babu ɗingishi. Kada a fasa bororo sai idan ya hana taka ƙafa, kada a cire farcen da ya yi baƙi, zai faɗi da kansa. Duk wanda ciwo ya tsaya masa wuri ɗaya bayan kwana 7, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar tafiyar mota, ya tafi asibiti a ranar. Zafin Maris da Afrilu na tafe, kuma kun san yana haura digiri 40, saboda haka babu dogon gudu bayan fitowar rana har damina ta sauka. Mai azumi ya mayar da ɗan motsinsa bayan buɗa baki.

Allah shi saka wa kowa da alheri, shi ƙara lafiya, shi jiƙan iyayenmu. Wanda ke riƙe da sikeli ko robar ruwa ta ƙungiya ya kawo ranar Asabar bayan sallar Asuba.