Abin da Gidauniyar Kaka ta Koya Mini a Funtuwa

Shekara shida na yi ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Funtuwa, kuma a duk tsawon shekarun nan, nauyin aikin yakan taru ne a wata uku na kaka. Dalili a fili yake. Garin yana rayuwa ne a kan masara da dawa da waken soya da auduga, saboda haka da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, motoci suka fara jigilar buhuna daga ƙauyuka zuwa kasuwanni irin su Dandume da Bakori, sai kuɗi su zagaya hannun kowa, tun daga manomi har tela da mahauci da mai walda. A lokacin ne ake ɗaura auren da aka ɗage tun bazara, a yi walimar saukar Alƙur'ani, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito fage, kowace ƙungiya kuma ta ce ita ma lokacin ƙaddamar da gidauniyarta ya yi.

Gidauniyar da na fara shiryawa ta rufin azuzuwa uku ce na makarantar Islamiyya, waɗanda iskar farkon damina ta yaye musu kwano. Mun bi tsarin da muka taso muka tarar: muka buga katin gayyata mai ɗauke da sunan uban taro da shugaban taro da babban mai ƙaddamarwa, muka ɗauko hayar rumfuna da kujeru da lasifika da janareta, muka yi girki domin manyan baƙi. Ranar taro fili ya cika, manya suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abin da za su bayar, jama'a suna kabbara, ni kuwa ina gefe ina rubutawa, har na fara lissafin ko za mu ƙara da fenti. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. Wata huɗu na yi ina sintiri tsakanin gidaje da ofisoshi, a ce mini Alhaji ya yi tafiya, a ce mini yana barci, a ce in dawo bayan sallar Juma'a, kuma abin da ya shigo hannu daga waɗannan alkawura bai kai rabin abin da aka shelanta ba. Da muka cire kuɗin da muka kashe a kan taron, abin da ya rage bai wuce rufin aji ɗaya ba. Ba na zargin mutanen nan da mugun nufi, domin na lura cewa lasifika da idon jama'a suna sa mutum ya faɗi abin da aljihunsa bai amince da shi ba, kuma mu ne muka kafa masa tarkon da hannunmu.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne manomi, wanda ko kujera ba mu ba shi ba a ranar. Bayan kwana biyu ya aiko jikansa da rabin buhun masara a kan keke, da na je godiya sai ya ce mini: “Ɗana, kun tambayi mutane abin da ba su da shi, kun bar abin da ke cike da ɗakunansu.” A shekarar da ta biyo baya muka sauya salo. Muka raba unguwa lungu-lungu, kowane lungu da matashi biyu da dattijo ɗaya, suna bi gida-gida da buhu, mai tiya ɗaya ya zuba, mai dami ya bayar, ana rubuta sunan kowa nan take. Mata, waɗanda a taron rumfa ba a jin ɗuriyarsu, su ne suka fi kowa yawa a littafin. Hatsi yana araha a kaka saboda kowa na sayarwa a lokaci guda, don haka magidancin da zai yi nauyin hannu wajen ciro kuɗi ba ya jin komai idan ya ɗebi tiya biyu daga sabon buhu, alhali idan aka adana wannan hatsin zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, darajarsa kan ƙaru.

A nan ne muka ci karo da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Wasu manoman da suka ga muna karɓar hatsi sai suka fara kawo mana zakkar amfanin gonarsu, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, mu kuma muna zubawa wuri ɗaya da sauran gudummawa. Wani malami a cikin kwamitinmu ya tsayar da mu, ya tunatar da mu cewa aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba zakka, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a gina aji ko masallaci da ita. Na ji kunya ƙwarai, domin saura kaɗan mu sayi kwanon rufi da haƙƙin marayu matalauta da zawarawan da ba su da mai ciyar da su. Daga ranar muka koma littafi biyu da ɗakin ajiya biyu, kuma tambayar farko da ake yi wa duk wanda ya kawo hatsi ita ce: zakka ce ko sadaka?

Ajiyar ma sai da ta koya mana hankali. Mun taɓa karɓar masarar da ba ta gama bushewa ba, muka jibge ta a ƙasan siminti, kafin hunturu ya wuce ƙwari da raɓa sun ci wani sashe. Yanzu sai an shanya an kuma tauna ƙwaya an ji ta fashe kafin a ɗura, a cikin buhunan nan masu leda biyu a ciki waɗanda ba sa shan iska, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Ba mu daina taro ba, domin mutane suna son haɗuwa, amma mun rage shi, mun kuma koyi zaɓar rana. Asabar da Lahadin kaka na ɗaurin aure ne, rumfa ma ba ta samuwa, ranar kasuwa kuwa babu magidancin da zai zauna sauraron jawabi. Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kaka kuwa tana nan inda take, saboda haka sai an duba kalanda biyu kafin a buga kati. Halin tsaron da yankin ya shiga ya sa duk abin da za mu yi mukan kammala shi kafin magariba, don baƙin ƙauye su koma gida da sauran haske.

A farkon 2023, da ƙarancin takardun naira ya biyo bayan sauyin kuɗi, ƙungiyoyin da suka dogara da tsabar kuɗi suka tsaya cik, mu kuwa masara muka biya kafinta da ita, ya karɓa da murna domin shi ma abincin yake nema. Aji na ƙarshe an rufe shi ne da wannan masarar. A ranar da na miƙa littafin ga wanda ya gaje ni, na karanta wa jama'a lissafin a ƙofar masallaci bayan la'asar, buhu-buhu da tiya-tiya, sai wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida cewa tiyarta uku ce ba biyu ba. Muka duba ƙaramar takardar matasan lungunsu, muka tarar ita ce da gaskiya, na gyara da birona kafin na sa hannu.