Kantar haya: labaran da suka fi yawo a shagona bana

Mai shagon littattafan Kirista a gari irin Zuru ba da littattafan labari yake cin abinci ba. Abin da ke biyan kuɗin shago da kuɗin makarantar yara shi ne Littafi Mai Tsarki, da Littafin Waƙoƙi, da kalandar sabuwar shekara, da ambulan na zakka da baiko, da katin baftisma da na aure, sai littattafan rubutu da biro idan aka koma makaranta a watan Satumba. Kasuwarmu da kaka take tafiya. Idan manoma suka sayar da dawa da wake, zumuntar mata, wato ƙungiyar matan majami'a, ta fara shirin Kirsimeti, mu ma sai mu ga haske. Da damina kuwa wani lokacin sai a wuni ba a yi cinikin da ya wuce biro biyu ba.

Amma akwai wata kanta a ƙuryar shagon, kusa da taga, wadda ba ta kawo kuɗin kirki, ita ce kuma ta fi kowace kawo mutane. A nan nake jera ƙagaggun labarai na Kirista, kuma haya nake bayarwa, ba sayarwa ba. Dabarar ba tawa ba ce. Masu littattafan soyayya na Kano sun daɗe suna yin haka tun shekarun 1980, mu ma da muna 'yan mata mun karɓi hayarsu mun ɓoye a ƙarƙashin matashi. Na ga cewa matar da ba za ta iya fitar da kuɗin mudu biyu na shinkafa ta sayi labari ba, za ta iya ba da naira 200 ta riƙe shi mako guda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, sayen sabon littafin labari na ƙasar waje ya fita daga lissafin yawancin mutanenmu. Hayar ce ta rage.

Littattafan ibada daga Jos nake samo su, wajen shagunan littattafan Kirista na Challenge da na ACTS ta Bukuru. Na labari kuwa gwanjo ne daga Legas. Akwai wanda nake hulɗa da shi a wajen Yaba, shi ke haɗa mini kwali ya sa a mota, ya biyo ta Ilori da Jebba da Mokwa zuwa Kontagora, daga nan a sake masa mota ta Rijau. Cinikin biri a sama ne. Ya kan nuna mini na saman kwalin ta WhatsApp, na ƙasa sai ya iso. A kwali guda za ki tarar da na kirki kaɗan, sauran littattafan girke-girken Turawa ne da na koyon rage ƙiba, waɗanda ƙarshensu wajen mai ƙosai. Waɗansu na zuwa da hatimin ɗakin karatun wata majami'a a Amurka, waɗansu da sunan wata tsohuwa da jikokinta suka ba ta kyauta shekara talatin da suka wuce. Ga kuma na jabu, bugun sata, da ake cusawa a tsakani: tawada ta koɗe, shafi ashirin ya ɓace a tsakiya, gam ɗin kuma da hunturu ya busa sai ya tsage.

Saboda haka babu littafin da ke hawa kantar nan sai ya bi ta hannuna. Ina ƙirga shafukansa tukuna. Sannan in huda gindinsa wuri huɗu da basilla, in ɗinke da zaren gyaran takalmi, in yanka kwalin taliya in yi masa bango, in lulluɓe da leda mai kauri. Ƙafafun kantar a cikin gwangwanayen baƙin mai suke tsaye saboda gara, wadda ba ruwanta da ko littafin na Allah ne. Sai rajista: suna, majami'a, lambar waya, ranar ɗauka, ranar maidowa. Baƙo ya ajiye kuɗin jingina, ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Wannan rajistar ce ke gaya mini abin da mutane suka so a shekara, ba abin da suka faɗa da baki ba. Mutum zai yaba miki littafin tauhidi a gaban fasto, amma wanda ya dawo da tabon manja, gefensa ya yi baƙi don yawan hannu, an kuma yi rigima a kan wa ke biye a layi, shi ne aka karanta.

Bana babu wanda ya kama ƙafar Redeeming Love na Francine Rivers, kuma ba sabo ba ne, tun 1991 ya fito. Labarin annabi Yusha'u ne da matarsa Gomer, marubuciyar ta ɗauke shi ta kai Kalifoniya ta shekarun 1850, lokacin da ake rububin haƙar zinariya. Wani manomi mai tsoron Allah ya auri karuwa wadda aka sayar tun tana ƙaramar yarinya, ita kuma ta yi ta gudu tana barinsa. Littafin kauri gare shi, Turancinsa ba na wasa ba ne, amma matan barikin soja da malaman asibiti da ɗaliban jami'ar noma sun hana shi kwana a kanta. Na lura da abin da ke riƙe su. Ba soyayyar ba ce kawai, don soyayya akwai ta a ko'ina. Matar ce ba ta shiryu da wuri ba. An nuna mata alheri ta ƙi yarda, an sake nunawa ta ƙara gudu, kuma mai karatu ya san dalilinta, har ya kan ji haushin mijin wani lokaci. Wata malamar asibiti da ta maido shi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, "Yaya, ni fa na san matar nan. A unguwarmu take." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai ba na ba 'yan sakandare shi, akwai wuraren da suka fi ƙarfin shekarunsu. Kuma nakan gaya wa matan aure kada wata ta ɗauka littafin cewa ya yi a zauna da mai duka da sunan haƙuri. Ba abin da ya faɗa ke nan ba.

Na biyu ya ba ni mamaki. The Pilgrim's Progress ne na John Bunyan, mai gyaran tukwane na Ingila da ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba. A 1678 littafin ya fito. Na ainihin Turancinsa tsoho ne, ko malaman makaranta kan ajiye shi a shafi na goma. Wanda ya yi yawo bana shi ne wani ɗan siriri da aka sauƙaƙa domin yara, mai hotuna. Wata shugabar zumuntar mata daga wajen Dabai ce ta ɗauka don jikanta, sai ta fara ba mata labarin da Hausa bayan an tashi daga taro, babi guda kowane mako. Mutum da ƙaton kaya a baya ya bar garinsu, ya faɗa cikin taɓo, aka kashe abokin tafiyarsa a kasuwar banza, wani ƙato ya kulle shi a kurkuku har ya tuna akwai mabuɗi a ƙirjinsa mai suna Alkawari. A cikin matan akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu a Danko-Wasagu da Sakaba saboda 'yan bindiga. Ba sai an yi musu bayanin mutumin da ya fita daga gida da kaya a ka bai san inda zai kwana ba. Daga baya suka aiko a tambaye ni ko matarsa da 'ya'yansa da ya bari sun bi shi. Sun bi shi, a kashi na biyu da ya fito a 1684, kuma shi nake nema yanzu.

Samari kuwa This Present Darkness na Frank Peretti suke so, na 1986, inda mala'iku da aljanu ke gwabzawa a kan wani ƙaramin gari, addu'ar masu bi kuma ita ce ke ƙara wa mala'ikun ƙarfi. Yana da daɗin karatu, ba musu. Ni dai ina ɗari-ɗari da shi. A wurin da dama ba a rasa mai zargin kishiyar uwarsa da maita, littafin da ke sa aljani a bayan kowace matsala yana bukatar mai karatu mai hankali. Na ga yaron da ya gama shi ya yi ta azumi a kan jarrabawar da bai yi wa karatu ba. Littattafan fyaucewar masu bi zuwa sama da ƙarshen duniya da aka yi yayinsu a da, yanzu ƙura suke sha. Na soyayyar manoman karkarar Amurka masu keken doki suna da mutanensu, 'yan kaɗan, masu aminci, ba sa makara wajen maidowa.

Ba kowa ke son kantar ba. Wani dattijon ikilisiya, mutumin kirki, tsohon soja, ya zo sayen Littafin Waƙoƙi ya tsaya yana kallonta.

"'Yata, waɗannan duk abin da ke ciki ya faru?"

"A'a, Baba, ƙagawa aka yi."

"To ƙarya ke nan kike ba 'ya'yan mutane haya, a shago guda da Maganar Allah."

Na ba shi kujera, na ce Baba ya tuna mini, sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda a kan matar Uriya, da me ya fara? Ya yi shiru, sannan ya ce da labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda. Na ce to akwai tunkiyar? Ya yi dariya ya ce ni 'yar rigima ce. Bai ɗauki komai ba, har yau kuma bai yarda duka ba, amma jikarsa tana cikin rajista kuma shi ke biya mata.

Abin da ya fi ci mini rai a sana'ar nan tambaya ce guda da nake sha kusan kowane mako: "Mama, babu na Hausa?" A gida mutanenmu Dakarci suke yi ko Fakkanci ko Dukkanci, amma da Hausa suke sujada, da ita suke waƙa, da ita suke ciniki. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga kuma fassarar 1979 da yawancinmu muka tashi da ita. Mutanen da suka iya karanta Ishaya da Romawa ba za su kasa karanta labari ba. Amma in na duba kantar daga sama har ƙasa, Turanci ne. Uwar da ta fi kowa bukatar labarin ita ce ke jiran 'yarta ta dawo daga makaranta ta fassara mata. 'Yan matanmu kuwa suna cikin zaurukan WhatsApp suna biyan kuɗi suna karanta marubutan Kano da Kaduna babi-babi. Ban ga laifinsu ba, waɗancan sun iya ba da labari, sun kuma san yadda ake sa mai karatu jiran gobe.

Ba wai ba a rubutawa ba ne. Matasa na kawo mini rubutunsu a littafin makaranta, ko su turo ta waya. Ciwonsu ɗaya: gaggawar wa'azi. A shafi na farko yaro na shan burkutu, a na uku ya haɗu da mai bishara a tasha, a na huɗu ya durƙusa yana kuka, sauran shafi arba'in ayoyi ne. Mugu ba shi da uwa, nagari ba ya jin yunwa. Sunayen ma na aro ne, garin ba a san ko ina ne ba, kowa na shan shayi a falo. Nakan ce musu su duba rajistata. Wanda mutane suka fi so bana, ɗaruruwan shafuka matar ta yi tana gudu kafin ta tsaya. Nakan kuma tambaye su me ya hana su rubuta abin da ke gabansu. Ga golmo, saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, kamar yadda Yakubu ya yi wa Laban bauta shekara bakwai saboda Rahila. Ga gidan da wa ke zuwa masallaci, ƙane na zuwa majami'a, kakansu kuma na jiran bikin gargajiya na Uhola, dukansu a tukunya ɗaya suke ci. Ga matar soja da mijinta ke Borno, wayarsa ba ta shiga. Ga faston ƙauye da rabin garkensa suka yi hijira, shi kuma yana lissafin ko ya zauna ko ya bi su.

Wata ɗaliba ce ta ji maganar. Ta rubuta labarin wata yarinya da saurayinta ya kusa gama golmo sai ya bi addinin da mahaifinta ba ya so, da Hausa irin ta kasuwar Zuru, har da ɗan Dakarci a bakin tsofaffi. Kuɗin kai shi maɗaba'a a Kaduna ko Jos ya fi ƙarfinmu ni da ita. Sai muka buga a kwamfuta a shagon hoto na kusa da mu, aka yi kwafi 'yan kaɗan, na ɗinke su da basillata na yi musu bangon kwali kamar sauran, muka yi yarjejeniya rabin kuɗin hayar nata ne. A watan Oktoba suka hau kanta. Akwai kurakurai a ciki, ƙarshen ma ta ɗan yi sauri, masu karatu kuma ba su raga mata ba: wata ta rubuta da jan biro a shafin ƙarshe cewa ba a yi wa uban yarinyar adalci ba. Na nuna mata, ta ce za ta gyara a kashi na biyu. Na riga na rage odar kalandar bana don in sayi rim biyu na takarda kafin kuɗinta ya sake tashi, ita kuma ta ce sai ta gama jarrabawa.