Rubutun tallan goron Tula da ɓarawon da ya goge layi ɗaya

Goron Tula nake sayarwa daga Gombe, kuma kusan duk cinikina ta rubutu yake zuwa. Nakan rubuta bayani a shafina na Facebook, wanda ya karanta ya gamsu sai ya biyo ni WhatsApp, mu yi ciniki, in kai kaya tasha. Wannan duk mai sana'ar intanet ya san shi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne rubutuna da ya fi kowanne kyau, wanda wani ya ci kasuwa da shi.

Bayani ne a kan yadda ake gane goro mai kyau. Na rubuta cewa a ɓare sala ɗaya a duba: mai kyau cikinsa na da danƙo, in an tauna ya ba da yauƙi da zaƙi. Wanda aka ƙulle a leda bai gama bushewa ba yakan yi farin fumfuna a tsakanin sala, ya riƙa warin tsami. In ka ga ƙananan huji a jikinsa da gari-gari a gindin buhu, ƙwari sun riga ka. Na haɗa da hotuna, na sa sunan kasuwancina da lambar waya a layin ƙarshe, yadda kowa yake yi.

Layin nan kaɗai ɓarawon ya goge. Ya sa tasa lambar, ya watsa a zaurukan mata, har kuskuren harafin da na yi a sakin layi na biyu bai gyara ba. Ya karɓi kuɗin mutane bai aika ko ƙwaya ɗaya ba. Da suka neme shi suka rasa, sai suka bi sawun hotunan suka faɗo kaina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da na zauna na sake karanta rubutun sai na ga inda gizo ke saƙar. Daga farkonsa har ƙarshe babu jimlar da ta nuna ni ne mai magana, ko daga Gombe nake. Mai sayarwa a Kano ko Legas zai iya cewa nasa ne, ba wanda zai musa masa. Yanzu ba na sakin rubutu sai na yi masa gwaji ɗaya: in rufe layin ƙarshe da yatsa, in ga ko saura zai nuna mai shi.

Sunan kasuwanci yana shiga cikin layuka uku na farko, kafin Facebook ya naɗe sauran rubutun, sannan ya sake fitowa a tsakiya. Amma ba a jefa shi haka kawai. A ɗaure shi cikin jimlar da za ta karye in an cire shi, kamar wadda ke faɗin yadda muke tsince goron da ya fashe kafin a ƙirga. Ɓarayin rubutu malalata ne, in gyaran ya wuce goge layi ɗaya sai su nemi wani. Sai kuma bayanan da ke tsufa: ranar da kaya ya iso daga Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo, ranakun da muke loda na Kano da Abuja, da ƙarfe nawa ake rufe karɓar oda. Wanda ya saci irin wannan, bayan mako guda zancensa ya zama ƙarya a fili.

Hoto ma haka. Tambarin da ake mannawa a kusurwa, yanke shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ni a farin kwali nake rubuta suna da hannu, in cusa shi a tsakiyar goron a cikin faranti, wasu ƙwayoyi su hau kan gefensa, sannan in ɗauka. Bai kai tambarin kwamfuta kyau ba, amma duk wanda zai yanke sunan sai ya yanke kayan.

Lambar asusu kuwa na daina sa ta a rubutu kwata-kwata. Na yi wa sunan kasuwancin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci, na buɗe asusu da shi, kuma kowane rubutu yana ɗauke da jimla guda: in sunan da ya fito lokacin tura kuɗi ba shi ne na saman shafin nan ba, kada a tura. Da jimlar nan tana tsakiyar wancan rubutun, da wasu sun tsira da kuɗinsu, ni kuma na huta da zagi.

A maimakon zube lambar waya tsirara, ina amfani da mahaɗin wa.me, wanda in an danna yake buɗe hira da ni a WhatsApp. Bayan alamar / sai 234, sai lambarka ba tare da sifilin farko ba, babu tazara, babu alamar tarawa. In ka ƙara ?text= da 'yan kalmomi a ƙarshe, mai saye zai tarar an riga an rubuta masa saƙon farko. Kowane rubutu da kalmar da nake ba shi, ta haka nake sanin wanda ya kawo ciniki da wanda ya tara yabo kawai. Sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Batun abin da za a rubuta bai taɓa ba ni wahala ba, masu saye ne ke ba ni da tambayoyinsu: yadda ake jiƙa wanda ya bushe ƙarau, yadda ake ajiye shi da damina, wa ke biyan kuɗin mota. Tambaya ɗaya, rubutu ɗaya, kalmomi 300 zuwa 400. Daga nan in tsakuro gajere na sitatus, tunda WhatsApp ba ya karɓar fiye da haruffa 700 a rubutun sitatus. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa na WhatsApp kuma mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai isa gare shi ba, don haka a roƙi mai saye ya ajiye ta tun ranar cinikin farko.

Akwai masu matsa mini in rubuta cewa goron yana maganin kaza da kaza, wai shi ke ja. Ba na yi. Iƙirarin warkar da cuta a talla hurumin NAFDAC ne, ni kuwa ɗan itace nake sayarwa. Kuma irin wannan rubutun ne aka fi kwafa, har ba a san wanda ya fara shi ba, daidai da abin da 'yan damfara ke so.

Kada ka goge tsohon rubutu don ka sake sa shi sabo. Kwanan watan da ke kansa shi ne shaidarka. Fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na Facebook yana neman mahaɗin naka na asali da na kwafin, kuma da shi na samu aka sauke wanda na gano. Sai dai wanda ya riga ya shiga WhatsApp ba mai iya kamo shi, yana nan yana yawo da lambar ɓarawon. Duk wanda ya turo mini rasit ɗin kuɗin da ya tura masa, nakan nuna masa asalin rubutun da kwanan watansa, in ce ya garzaya bankinsa da rasit ɗin tun kuɗin bai yi nisa ba. Wasu su gane, wasu kuma su ce bakinmu ɗaya da shi.