Mesa ma tana da ranar da ba ta aiki

Sana'ata a Kumasi ita ce kai dabbobi makarantu domin yara su gan su ido da ido. Ni da samari biyu muke yi, kuma yawancin zirga-zirgarmu tsakanin Aboabo, Asawase da Sabon Zongo take, makarantun boko da na Islamiyya. Yaranmu da yawa ba su taɓa shiga gidan zoo ba, alhali yana nan kusa da kasuwar Kejetia tun 1957. Dabbobinmu kaɗan ne: kunkuru, bushiya, zomaye da ƙaramar mesa, kuma na dawa a cikinsu sai da izinin sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ake riƙe su.

Mesar ce kowa ke jira, ita ce kuma muka fi hanawa. Idan ta ci abinci, sai ta yi kwana biyu ba a ɗauke ta ba, don ɗauka na iya sa ta amayar da abin da ta haɗiye. Idan za ta yi saɓa, idanunta kan yi hazo, ba ta gani sosai, ko inuwar hannu razana ta take. Idan kuwa na buɗe akwati na tarar ta dunƙule ta cusa kai a tsakiya, tsoro take ji, sai in rufe. A nan ake samun saɓani da masu makaranta. "Malam, ai don macijin muka biya!" Nakan ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, zan dawo da ita wani mako ba tare da ƙarin ko sidi ɗaya ba." Wasu su yarda, wasu ba sa sake kiranmu. Asarar tana da ciwo, amma ba zan tsaya gaban yara ina koya musu tausayin dabba ina kuma wahalar da wadda ke hannuna ba.

Bushiya da dare take yawo, saboda haka fitarta gajeriya ce, a ɗakin da ba hayaniya. Kunkuru a ƙasa muke barin shi ya yi tafiyarsa, yara na zaune a da'ira. Ba a kifa shi, ba a ƙwanƙwasa bayansa, domin yana jin taɓi ta ƙwaryar nan. Duk wanda ya shafa shi ko mesa, sai ya wanke hannu da sabulu, saboda masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ba tare da sun nuna alama ba. Bokitin ruwa na cikin kayan aikinmu. Da sassafe muke tafiya kafin rana ta yi zafi, kuma dabbar da ta fita yau gobe hutu take.

Ana yawan tambayata me ya sa ba ni da aku, tunda zai jawo kasuwa. A 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai a duniya, suka haramta cinikin akun Afirka mai ruwan toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Gana na cikin inda ya kusa ƙarewa saboda kamu da saran itatuwa. Yaron da ya ga aku yana magana a kafaɗata, washegari zai ce wa babansa ya saya masa, mai kamu kuma ya koma daji. Shi ya sa hotonsa kawai nake ɗauka, in kunna musu kukansa a waya.