Daga Norfolk Zuwa Mayami a Cikin Jirgin Kawuna

A gaɓar gabashin Amurka akwai wata doguwar hanyar ruwa da ake kira Intracoastal Waterway, wadda ta haɗa koguna da fadamu da tafkunan ruwan gishiri da magudanan da mutane suka haƙa, ta yadda ƙaramin jirgi zai iya tashi daga Norfolk a jihar Bajiniya ya gangara har Mayami a Fulorida, tafiyar kimanin mil 1,090, yana fakewa a bayan tsibirai daga haukan tekun Atilantika. Kawuna, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin walda a wuraren gyaran jiragen ruwa na yankin Norfolk, ya sayi wani tsohon jirgi mai filafilai bayan ya yi ritaya, kuma da ya ƙudura niyyar bin wannan hanya zuwa kudu, ni ya nema in riƙa kama masa aiki. Mutane da yawa da suka ji labarin sun ɗauka hutu muka je, amma ni abin da na tarar shi ne rayuwar da ruwa yake tsara wa mutum lokacin tashinsa da na tsayawarsa, har da na cin abincinsa, kuma wanda bai iya bin wannan tsari ba zai sha wuya ko da kuwa jirginsa sabo ne dal.

Lokacin tafiyar ma ba mu muka zaɓa ba. Daminar mahaukaciyar guguwa a Atilantika tana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kamfanonin inshora da dama ba sa yarda jirgi ya yi nisa zuwa kudu kafin farkon Nuwamba, alhali ta baya kuma sanyin arewa yana tafe yana korar mutum. Saboda haka ɗaruruwan jirage suke taruwa a bakin Chesapeake, babban mashigin teku da ke kusa da Norfolk, a ƙarshen Oktoba, su tashi kusan lokaci guda kamar ayarin fatake, kowa yana neman masauki iri ɗaya da yamma.

Yini yana farawa tun kafin gari ya waye. Bayan sallar asuba Kawu yakan buɗe murfin inji ya duba baƙin mai da bel da matatar da ke tace ruwan sanyaya inji, ni kuma in je gaba in ɗago anka, wadda takan fito da baƙar laka mai wari da sai an wanke sarƙar ɗaya bayan ɗaya kafin ta shiga ma'ajiyarta. Duk da cewa jirgin mai filafilai ne, yawancin tafiyar da inji ake yin ta, domin hanyar ta cika ƙunci da lanƙwasa. Gudunmu bai wuce mil 6 ko 7 a awa ba, don haka mil 50 a yini ba ƙaramar nasara ba ce, musamman a Nuwamba da rana take saurin faɗuwa, kuma ba mai hankalin da zai so duhu ya riske shi a tsakanin turakun da ba su da fitila. Wanda ke riƙe da sitiyari ba shi da damar yin hira mai tsawo. Idonsa yana kan alamomin hanya, jajaye masu kusurwa uku a dama idan ana tafiya kudu, koraye masu kusurwa huɗu a hagu, sannan kowane ɗan lokaci ya saci kallon na'urar auna zurfi. Inda hanyar ta ratsa babban kogi, launukan sukan juya, sai mutum ya koma neman ɗan ƙaramin tambarin rawaya da aka manna a jikin alamar, domin shi ne yake nuna ainihin hanyarmu.

Daga Norfolk hanya ta rabu biyu, mu kuwa muka bi ta magudanar Dismal Swamp, mai tsawon mil 22, wadda aka fara haƙawa a 1793 aka buɗe ta a 1805. Bayi ne suka haƙa mafi yawanta da hannu, suna tsaye cikin laka da sauro da macizai, kuma cikin wannan fadama ce wasu bayin da suka gudu suka ɓuya suka kafa rayuwarsu. Ruwan wurin baƙi ne wuluk saboda jiƙon ganyaye da saiwoyi, yana barin jan tabo a goshin kowane jirgi, bishiyoyi kuma sun rufa ta sama har sai an kula kada jigon jirgi, wato doguwar sandar da ke riƙe filafilai, ya sarƙe da reshe. Na wuce wurin jikina a sanyaye, ina ganin bai kamata Baƙar fata ya ratsa wannan magudana yana ɗaukar hoto kawai ba tare da ya yi wa waɗanda suka haƙa ta addu'a ba. Bayan ƙofofin ruwa na Deep Creek da South Mills, inda ake ɗaga jirgi a kuma sauke shi a lokuta ƙayyadaddu, sai faffaɗan ruwan Albemarle, wanda ba shi da zurfi sosai, shi ya sa iska kaɗan take tayar masa da gajerun igiyoyi masu dukan jirgi ba ƙaƙƙautawa, ga kuma igiyoyin tarkon ƙaguwa birjik da ke iya naɗe farfela.

Gadoji su ne agogon wannan tafiya. Waɗanda ba sa motsi an gina yawancinsu da tsayin ƙafa 65 daga saman ruwa, kuma a gindin kowace akwai allon da ke nuna tsayin da ya rage a wannan lokacin, domin idan ruwa ya cika tazarar takan ragu. Jigon jirgin Kawu ya kai kusan ƙafa 60, amma duk da haka duk sanda muka tunkari gada sai in ga kamar za mu doke ta, kuma ban daina ɗauke numfashi ba har ƙarshen tafiyar. Masu buɗewa kuwa kowace da ƙa'idarta: wata tana buɗewa da zarar an nema, wata sai kan awa, wata kan awa da rabinta, wata kuma ba ta buɗewa sam a lokacin da ma'aikata ke tafiya aiki ko dawowa. Ana kiran mai gadin gadar ta rediyon oba-oba, a tasha ta 13 a Bajiniya da Karolina ta Arewa, a tasha ta 9 daga Karolina ta Kudu zuwa Fulorida, a gaishe shi, a faɗi sunan jirgi, a nemi alfarma. Tun da dare Kawu yake zama da takarda da fensir yana lissafin mil nawa ne tsakanin wannan gada da waccan da kuma gudun da zai kai mu a kan kari, domin latti na minti biyu yana nufin jiran awa guda, kuma jira a kan ruwa aiki ne mai gajiyarwa. Jirgi ba shi da birki. Ruwa yana tura shi zuwa ga gadar, iska tana tura shi zuwa gefe, ga wasu jirage goma suna kewaya a wuri ɗaya, kowa yana ƙoƙarin kada ya taɓa ɗan'uwansa.

Abin da ya fi gadoji cin rai shi ne zurfi. A takarda, an tsara yawancin hanyar ta kasance da zurfin ƙafa 12, kuma rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce take auna ta tana wallafa taswirorin da matafiya suke dogara da su. Sai dai yashi ba ya zama wuri ɗaya. Duk inda teku ta sami kafar shigowa, kamar Lockwoods Folly da Shallotte a Karolina ta Arewa, takan kwaso yashi ta jibge a tsakiyar hanya, kuma kuɗin yashe yakan fi karkata ga hanyoyin da manyan jiragen kaya suke bi. A Jojiya lamarin ya fi tsanani, domin bambancin cikar ruwa da janyewarsa yakan kai ƙafa 8 ko fiye, sau biyu a yini, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Wurare irin su Hell Gate da Little Mud River da Jekyll Creek ba a shigarsu sai ruwa yana cikowa, ta yadda ko an taɓa ƙasa, ruwan da ke ƙaruwa zai ɗaga jirgin.

Mu ma mun taɓa. Wata safiya muna tsakiyar alamomi sosai, na ga lambar na'urar tana sauka daga 9 zuwa 7 zuwa 6, kafin in buɗe baki sai jirgin ya yi wani laushin tsayawa, kofin shayi ya zame daga kan teburi, bayan jirgin ya ɗan ɗaga. Na ce, "Kawu, in ƙara wuta mu ja da baya?" Ya dubi sandunan ciyawar bakin gaɓa, inda jiƙaƙƙiyar laka take nuna iyakar da ruwa ya kai jiya, ya ce, "A'a, ɗana, kashe injin kada ya zuƙi laka. Ruwa yana tafe, ɗora mana wani shayin." Muka zauna muna kallon ƙananan ƙaguwa suna yawo a kan laka, ruwa yana hawa jikin ciyawar a hankali, har jirgin ya motsa da kansa kafin shayin ya huce. Da a lokacin janyewar ruwa abin ya faru, da jirgin ya kwanta a gefe guda na tsawon sa'o'i, ko kuma mu kira masu jan jirgi, waɗanda kuɗinsu yake da nauyi ga wanda bai yi rajistar shekara da su ba.

Rayuwar cikin jirgin kuwa ta tsimi ce. Ruwan sha yana cikin tanki, kuma sai an shiga matsayar jirage ake cika shi, saboda haka na koyi yin cikakkiyar alwala da abin da bai kai rabin buta ba, kwanuka kuma a fara wanke su da ruwan gishiri kafin a ɗauraye. Wutar lantarki daga batura take, firji ne yake cinye mafi yawanta. Bayan gida yana zuba ne a wani tanki da doka ta hana a juye shi a cikin waɗannan ruwaye, sai an nemi wurin da ake zuƙe shi da inji. Nama na halal ba ya samuwa a ƙananan garuruwan bakin hanya, amma jatan lande da kifi sabo daga hannun masunta sun wadace mu, ga shinkafa da yajin da muka taho da su. Salla ce ta fi buƙatar dabara. Alƙibla daga wannan gaɓa tana arewa maso gabas, amma jirgin da ke kan anka yana juyawa da ruwa, ta yadda inda ka fuskanta da magariba ba nan ne za ka fuskanta da lisha ba, don haka kowace salla sai an duba kamfas kafin a shimfiɗa darduma a ɗan filin da ke tsakanin kujeru biyu. Barci ma rabi ne, domin idan ruwa ya juya da tsakar dare sarƙar anka takan yi gurnani a ƙasa, dole mutum ya fito cikin sanyi ya tabbatar fitilun gaɓa suna nan inda ya bar su.

Akwai ladabin hanya da na yaba ƙwarai. Mai jirgi mai gudu idan zai wuce ka yakan kira ta rediyo ya faɗi ta gefen da zai bi, kai ka rage wuta, shi ma ya rage, ya wuce a hankali. Wanda ya ƙi yin haka yakan tayar da igiyar da za ta watsar da tukunya daga kan murhu, kuma ina ganin wannan rashin tausayi ne tsantsa, domin a cikin waɗannan ƙananan jirage akwai tsofaffi da yara. A matsattsen wurin nan mai duwatsu kusa da Myrtle Beach kowa yana sanarwa kafin ya shiga, don kada ya haɗu da jirgin dakon kaya a inda ba wurin kaucewa, a yankin sansanin sojan Camp Lejeune kuma akan rufe hanyar gaba ɗaya idan ana atisayen harbi. Ladan wannan wahala shi ne wurare irin kogin Waccamaw, mai dogayen bishiyoyi da ke tsaye cikin ruwa, da tsofaffin gonakin shinkafa na kusa da Georgetown, waɗanda bayi daga Afirka ta Yamma suka noma da ilimin da suka zo da shi.

Da aka shiga Fulorida sanyi ya sake mu, ruwa ya yi haske, sai kuma cunkoso ya karɓe mu. Akwai dogayen wurare da doka ta tilasta tafiya a hankali saboda ayu, ɗan'uwan wanda masuntan Neja da Binuwai suka sani, wanda farfela take yawan yi wa rauni a baya. Daga Palm Beach zuwa kudu gadoji masu buɗewa suna jere kusa da kusa, gefen hanya kuma bangon siminti ne da ke maido da kowace igiya, wurin jefa anka kyauta yana ƙaranci, kuɗin kwana a matsaya kuma ana lissafa shi ne da tsawon jirgi, ƙafa bayan ƙafa. Gadar Julia Tuttle da ke Mayami tsayinta ƙafa 56 ne kawai, jigonmu ba zai shige ta ba, saboda haka muka tsaya a Fort Lauderdale muna sauraron rahoton yanayi har iskar arewa ta lafa, sannan muka fita ta bakin Port Everglades muka yi sauran mil ashirin da ɗoriya a cikin teku, muka shiga Mayami ta mashigar manyan jirage.